Mutumin da Ya Ja wa Kansa Wayar Ƙasa

A wata unguwa an yi wani mai gyaran wutar lantarki wanda ba a taɓa jin ya ce bai sani ba. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ya rubuta shi da jan fenti a jikin akwatin kayan aikinsa don kada wani ya manta. Gaskiyar magana bai gama koyon sana'ar ba. Ubangidansa ya sallame shi ne ranar da ya haɗa wa wani gida wuta, aka danna makunnin fanka, ƙararrawar ƙofa ta kama kuka. Amma in ka same shi a bakin shago yana zuba, sai ka rantse shi ya koya wa hadari walƙiya.

Waje ɗaya ne bakinsa ba ya zuwa. Aurensu ya daɗe, ba haihuwa. Matarsa tela ce, mace mai kamun kai, ba ta da yawan magana. Ta sha magunguna har ta gaji, ta je asibiti aka yi mata gwaji iri-iri, aka ce lafiyarta ƙalau, sai dai ta turo maigidan. Har 'yar kwalbar gwajin aka ba ta, ta jefa a jaka. Ta faɗa masa, ya ce gobe. Ta sake faɗa, ya ce aiki ya yi yawa. Da ta matsa, sai ya miƙe ya bugi ƙirji.

"Ni za a miƙa wa kwalba a nuna mini ɗaki? Kin san kakana kuwa? Mutumin da in 'ya'yansa suka fito gaisuwa sai a ɗauka makaranta aka tashi!"

"Ba kakanka na aura ba," in ji ta, ta ci gaba da ɗinkinta.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo. Ita ce ta raini matar tun tana ƙarama, tsohuwa ce busasshiya mai dogara sanda, wadda ba a taɓa ganin haƙoranta a wajen dariya ba. Ta ƙi zama a kujera, ta ƙi shan ruwa. Injiniya ya durƙusa ya fara jero gaisuwa, ta katse shi.

"Kai yaro, ban zo hira ba. Zan je duba jikata da ta haihu. In na dawo, ta nan zan biyo da mota. In ka je asibiti, in sa muku albarka in wuce. In ba ka je ba, in tafi da 'yata, ta zauna a wajena har ranar da ka sami sukuni."

"Gwaggo, ai kakana..."

"Na san shi. Shi ma baki ne da shi."

Ta buga sanda a ƙasa ta fita.

Maganar ta dami Injiniya. Matar yana sonta, wannan ba ƙarya ba ne. Amma kwalbar nan ya fi tsoronta fiye da wayar da ba ta da roba. Washegari ya tafi shagon aski da fuska a murtuke. Mai askin maƙwabcinsa ne, mutum mai tsokana, wanda 'ya'yansa sun cika gida har sun zubo waje. An kai rabin kai ke nan, sai wani likita ya fara bayani a rediyo. Ya ce an yi bincike a wurare da dama, wasu sun ga alamar cewa mazan da ke yini da wayar salula a aljihun wando, ko suke aiki manne da manyan injinan lantarki, ƙwayoyin haihuwarsu kan ragu ko su yi sanyin gudu. Ya ce wasu kuma sun bincika ba su ga komai ba, don haka maganar ba ta tabbata ba tukuna, wanda ke da damuwa ya je a gwada shi.

Wannan ƙarshen Injiniya bai tsaya jinsa ba. Ya riga ya zabura daga kujera da zane a wuya.

"Na gano shi! Wallahi na gano shi!"

"Zauna, Injiniya, na bar maka rabin kai kamar gonar da aka fasa nomewa."

"Kai ba ka ji ba? Lantarki ne! Shekara da shekaru ina cikin wuta, waya a aljihu, taransifoma a bayan ɗaki. Wuta ce ta taru a jikina ta rasa hanyar fita!"

Mai aski ya daki aljihunsa. "Ni wayoyi uku ne a nan, dare da rana. Kuma ka san gidana, in an sauke abinci sai an yi layi."

Injiniya ya dubi ƙafar mai aski, ya yi dariyar masana. "Ɗaga silifas ɗinka. Ka gani? A huje yake. Kai kullum kana zubar da taka wutar a ƙasa ba ka sani ba. Talauci ne ya cece ka."

Mai shagon da ke kusa ya leƙo jin hayaniya. Injiniya ya sami masu sauraro, sai ya buɗe darasi. Ya ce kowane gidan da aka haɗa wa wuta da kyau, akan ja masa wayar ƙasa. A ɗaure ta a jikin rodi, a kafa rodin cikin ƙasa, a zuba gawayi da gishiri da ruwa, don in wuta ta ɓalle ta bi nan ta nutse. Wannan gaskiya ne, shi ne darasi ɗaya da ya tsaya ya ji a wajen ubangidansa. Daga nan ya ɗora nasa.

"To, an ja wa gida, an ja wa inji, an manta da ɗan Adam. Ni ne zan fara."

Ya zaro testa, 'yar sukudireban nan mai ƙwan fitila a ciki, ya cusa ta a soket, ya ɗora babban yatsa a gindinta. Ƙwan ya kama.

"Kun gani? In na ɗaga yatsa ya mutu, in na ɗora ya kama. Daga ina wutar ke fitowa? Daga jikina!"

"Ciro ta daga soket ɗin mana mu gani," in ji mai shago.

"Kai sayar da sabulu ka sani. Kada ka sa baki a harkar ilimi."

Da rabin aski ya koma gida. Ya ciro wayarsa, ya karɓe ta matarsa, ya jefa su a tukunyar ƙarfe ya rufe. Ya kwance injin da ke juya keken ɗinkinta, ya ce daga yau da ƙafa za ta taka.

"Maigida, tukunyar miyata ce fa."

"Uwargida, miya kike so ko ɗa?"

"Asibiti nake so ka je."

"Asibitin ya zo gida. Ni ne shi."

Ya ɗauko doguwar waya mai koriyar roba, ya ɗaure bakinta a ƙafar gadonsu na ƙarfe, ya zura ta ta taga. Ya fita tsakar gida da rodi da guduma. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, matan gida duk suna waje suna wanki. Ya tuɓe riga don a ga ƙwanji, ya saita rodi a gindin taga, ya shiga duka. Rodi na shiga, yana waƙa. Can ya ji ya ci karo da wani abu mai tauri.

"Dutse ne," in ji shi. "Bai san da wa yake yi ba."

Ya tattara ƙarfinsa ya sauke guduma. Sai ƙasa ta yi tsaki, ruwa ya yi tsiri sama ya daki haɓarsa. Babban bututun da ke ba gidan ruwa ne ya huda. Kafin a ce me, tsakar gida ta zama tafki, takalma na iyo, wankin mata ya koma cikin laka. Mai gidan hayar, wani dattijo mai ciwon gwiwa, ya fito yana tattare riga.

"Injiniya, rijiya na ce ka haƙa mini?"

"Baba, wannan alama ce mai kyau. Ƙasa mai ruwa ta fi shan wuta."

"To ka tsaya a nan ta shanye ka."

Aka rufe ruwan gidan gaba ɗaya har mai gyaran famfo ya samu zuwa. Matan gida suka koma ɗebowa daga maƙwabta, kowace in ta wuce ƙofarsa da bokiti a ka sai ta ajiye masa gaisuwar da ba a maimaitawa a gaban yara.

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Amma gemu daban, hankali daban. Injiniya ya zauna ya yi lissafi, ya ga gado na barci ne kawai, da rana fa? Sai ya fere wayar jan ƙarfe tsirara, ya naɗa ta a ƙugunsa a kan fata, ya zura jelarta ta cikin ƙafar wando, ya ɗaura mata guntuwar sarƙa tana jan ƙasa. Ya daka gawayi da gishiri ya zuba a takalmansa. Ya fito titi yana tafiya, sarƙa na bin sa, ƙyalal ƙyalal.

Mai aski na hango shi ya saki almakashi ya riƙe ciki.

"Jama'a ku kauce, ga tankar mai! Kada wanda ya kunna ashana!"

"Yi dariyarka. Me ya sa tankar take jan sarƙa? Ilimi ne. Ni da ita makarantarmu ɗaya."

"To ina lambarka? A rubuta maka 'hattara' a baya mana."

Tun daga ranar sunan Injiniya ya mutu a unguwa, sai Tanka. Kyanwar mai shago ta ɗauki sarƙar abokiyar wasa, duk inda ya bi tana biye tana kai cafka. Ranar da ya shiga motar haya zuwa wani aiki, ya sauko lafiya, amma ƙofa ta rufe da sarƙar a ciki. Mota ta ja. Tanka ya bi ta da tsalle a ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe a sama, wayar ƙugu na tsuke shi, yana ihu, "Direba! Ƙuguna! Ƙuguna!" Fasinjoji suka yi ta dukan jikin mota har ta tsaya. Yaron mota ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, in akuya ce ta tsinke maka, ba ta cikin motar nan."

Aikin ma bai same shi ba, an ba wani. Masu neman gyara sun gaji da kiran wayar da ke kwance a tukunya.

Gishiri ya cinye masa tafin ƙafa, ya koma tafiya kamar mai taka ƙaya. Da ya lura ƙasar titi a bushe take, sai ya ƙara da buta. Duk inda zai tsaya hira, sai ya tsiyaya ruwa a tsakanin ƙafafunsa, ya tsaya a ciki. Wata tsohuwa mai wucewa ta ga ƙaton mutum tsaye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta girgiza kai ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗana. Akwai maganinsa, kada ka ji kunya."

Gumi kuwa ya haɗu da jan ƙarfe, ƙugunsa ya rine ya zama kore shar. Ya kira matarsa da murna, ya ɗaga riga.

"Uwargida, zo ki ga ikon Allah! Dafin wutar ne ke fita!"

Ta duba, ta koma kan keke. "Tsatsa ka fara."

"Ke ba a burge ki."

"Ƙafafuna sun kumbura da taka keke, maƙwabta sun daina amsa gaisuwata, miya a kwanon wanka nake kaɗa ta. Na burgu."

Wata safiya ya dawo daga jiƙa rodinsa, ya tarar da akwatinta a bakin ƙofa, a ɗaure. Ya ajiye buta.

"Wannan fa?"

"Gwaggo na hanya. Da la'asar za ta iso."

"Wa ya faɗa miki?"

"Tukunya."

Ya tsaya yana kallon akwatin. Asibitin ba nisa, da ya sa kai da ya je ya dawo kafin azahar. Har ya kai hannu zai kwance sarƙar. Sai ya tuna kwalbar, ya tuna ɗakin, ya tuna fuskar mai aski in labari ya fita. Ya janye hannunsa.

"Bari ta zo," in ji shi. "A gaban jama'a zan nuna mata na warke. In ta ga hujja da idonta, ita da kanta za ta kwance akwatin nan."

Ya bi layi gida gida yana shelar kowa ya hallara a bakin shago. Mutane kuwa ba sa ƙin kallon kyauta. Kafin la'asar wajen ya cika, har da matan gidan haya, waɗanda suka zo da fatan Allah ya saka musu.

A bakin shagon akwai wani tsohon firiza na ruwan sanyi, mai hannun ƙarfe. Kowa ya san shi da cizo. In ka taɓa hannun sai ka ji zirr a yatsu, shi ya sa mai shago ya rataye tsumma a kusa don buɗewa. Tanka ne da kansa ya gyara shi bara, kuma tun daga ranar ya fara cizon, amma wannan bai sa shi a cikin jawabinsa ba.

Ya kafa dogon ƙusa a ƙasa a gaban firizan, ya ɗaure sarƙarsa a jiki. Ya zazzage gishiri, ya juye buta har ƙasa ta yi caɓal. Ya tuɓe takalma ya shiga ciki. Daidai nan motar Gwaggo ta tsaya, bayan ta biya ta gidansu. Ta fito da sandarta, matarsa na bayanta, direba ya riga ya sa akwatin a bayan mota.

"Kai yaro, ka je?"

"Gwaggo, na yi abin da ya fi zuwa. Ki ba ni minti ɗaya."

"Na ba ka shekaru."

Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "Kun san firizan nan yana cizo. Me ya sa? Wutarsa ce ke haɗuwa da wutar da ta taru a jikinku, su yi faɗa. Ni kuwa na zubar da tawa tas, ba sauran ko ɗigo. Yanzu zan kama shi da hannu biyu, ba tsumma, ba abin da zan ji. Wannan ita ce shaidar na warke."

"Tanka," in ji mai shago, "ni dai ban sa ka ba. Jama'a ku shaida."

"Bari in matsa," in ji mai aski. "Ina da iyali."

"Maigida, don Allah kada ka taɓa," in ji matarsa.

"Uwargida, fara zaɓen suna."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya murza, ya damƙi hannun firizan.

Wutar da ta daɗe tana neman hanya a jikin tsohon firizan nan, tana samun masu takalmin roba tana ɗan lasarsu ta haƙura, yau ta sami mutum jiƙaƙƙe, ba takalmi, tsaye a ruwan gishiri, an kuma shimfiɗa mata jan ƙarfe tun daga ƙugu har ƙasa. Ba ta yi wata-wata ba. Ta shiga ta hannu, ta gangara, ta bi ta unguwar da ake ta wahalar karewa.

Tanka ya miƙe a kan yatsun ƙafa. Idanu suka fito, haƙora suka kama kaɗawa, gwiwoyi na haɗuwa suna rabuwa, sarƙa na ta ƙyalal ƙyalal tana ba shi kiɗa. Yana son ya saki, hannu ya ƙi. Wani sauti ke fita daga bakinsa kamar na tsohon janareta.

"Yana cewa ba ya jin komai," in ji mai aski, kafin ya gane abin ya wuce wasa ya kwarma ihu, "A kashe wuta! A kashe!"

Wani ya yunƙura zai rungumo shi, Gwaggo ta daka masa tsawa ya koma. Ta ɗaga busasshiyar sandarta ta sauke a kan hannuwan Tanka. Mai shago ya faɗa ciki ya fizge filogi. Tanka ya saki, ya zube daɓas a cikin lakar gishirinsa. Gwaggo ta ƙara masa ɗaya a kafaɗa, ta ƙara wata a baya.

"Gwaggo, an kashe wutar!" in ji mai shago.

"Na sani," in ji ta, ta ƙara masa ɗaya.

Wani siririn hayaƙi na tashi daga ƙugun wandonsa. Ɗaya daga cikin matan gidan haya ta juye masa bokitin ruwa, ta ce wannan daga maƙwabta ta ɗebo, ya ji daɗinsa. Aka kinkime shi, sarƙa da ƙusa na reto, aka cusa shi a motar da aka kawo don ɗaukar matarsa. Da haka Tanka ya tafi asibiti, kansa a cinyar uwargida, akwatinta a bayansu.

A can aka datse wayar da filaya, aka yanke wandon da almakashi. Ƙuna ta zagaye ƙugunsa kamar ɗamara, ja a kan kore. Likitar mace ce mai gilashi, ta duba bugun zuciyarsa ta ce ya auna arziki. Ta ɗaga guntun jan ƙarfen da yatsu biyu.

"Wannan na mene ne?"

Ko a kwance bakin bai mutu ba. Ya fara da ƙaramar murya, "Likita, ke ma kin san abin da ke fita daga waya yana taruwa a jikin namiji..."

"Ba ruwa ba ne, malam, balle ya taru a tsiyaye shi. Maganar waya ana kan bincikenta. Cire ta daga aljihun gaba, ba ka yi asarar komai ba, ka kuma guji duk abin da ke gasa wajen. Amma abin da ke damunka ni ban sani ba, kai ba ka sani ba, rediyo bai sani ba, sai an duba. Tunda an riga an yanke wandon, bari in duba."

Ya nemi hanyar gudu, ya ga Gwaggo zaune a bakin ƙofa, sanda a gicciye a kan cinya. Ya rufe ido.

Likita ta ce ta ji jijiyoyi sun kumbura a gefe ɗaya, irin kumburin da ke tara zafi a wajen, kuma ana yawan samunsa. Ta ce za a kwantar da shi har ƙunar ta lafa, sannan a yi gwajin maniyyi a tabbatar. Ta aika a kawo kwalba.

"Ba sai an kawo ba," in ji matarsa. Ta buɗe jaka ta ciro tata, har takardar jikinta ta koɗe don daɗewa. Ta ajiye a kan durowar gefen gado.

Da aka bar su su biyu, Tanka ya daɗe yana kallon kwalbar. Ya yi magana a hankali, ba da muryar bakin shago ba.

"In aka ce ni ne fa?"

"Sai a ce kai ne. Shekara nawa ana cewa ni ce, a gaban idona da bayan idona? Ka ga na mutu?"

Bai ce komai ba. Wannan ne karo na farko a tarihin unguwar, kuma ba mai shaida sai ita.

Da ƙunar ta lafa aka nuna masa ɗakin, ya shiga da ƙafarsa. Sakamako ya fito. Ƙwayoyin suna nan, amma kaɗan ne, kuma ragwaye. Likita ta ce za a yi masa ɗan ƙaramin aiki a kan jijiyoyin, sau da yawa ana dacewa, amma ba ta yi alkawari ba. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta aika a mayar da akwatin ɗakin 'yarta.

Mai aski da mai shago suka zo dubiya. Suna shigowa Tanka ya gyara kwanciya, murya ta dawo.

"Kun ga tsari? Da ban yi wannan binciken ba, yaushe za a gano jijiyar? Likitar da kanta ta yi mamakin yadda na kawo kaina a daidai lokaci."

"Gaskiya ka fi kowa," in ji mai aski. "Kowa da ƙafa yake zuwa asibiti, kai sai da aka haɗa da firiza."

"Shi ma firizan, in na fito zan duba shi."

"Na sayar," in ji mai shago da sauri.

Ranar aikin, an ɗora shi a gadon turawa, ma'aikaciyar jinya na tura shi, sai ya ɗaga kai ya ƙwanƙwasa ƙarfen gadon.

"'Yar'uwa, wannan an ja masa wayar ƙasa kuwa? Don in kuna so, ni..."

Daga can bakin baranda aka ji sanda ta daki siminti sau ɗaya. Ya mayar da kai kan matashi, ya ja zane har haɓa.

Kafin a sallamo shi matarsa ta mayar da injin kekenta, ta wanke tukunyarta. Ta kwance doguwar wayar nan mai koriyar roba daga ƙafar gado, ta ɗaura ta daga taga zuwa ginshiƙin tsakar gida. Da ya dawo yana takawa a hankali, ya tsaya yana kallonta.

"Uwargida, wannan fa waya ce mai daraja."

"Na sani. Ba ta tsinkewa. In Allah ya kawo, na sami igiyar shanya kayan jariri."

"In bai kawo ba fa?"

"Sai in shanya wandonka. Na ɗinke shi."